Kundin aikin littafin juyin juya halin Atlantika: daga Locke zuwa Haiti

12 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan kundi ne domin masu tambayar inda aikin littafin ya kwana su riƙa gani da kansu. Ƙaramin littafi ne da Hausa, don ɗaliban manyan azuzuwan sakandare da na kwalejojin ilimi. Batunsa shekarun da ke tsakanin 1775 da 1825, lokacin da ƙasashen da ke gaɓar Tekun Atlantika, gabas da yamma, suka yi ta tumɓuke sarakuna da gwamnoni, da kuma tunanin masanan da suka share fage da tambaya guda: me ya ba wani mutum ikon mulkar wani?

Babi bakwai na tsara. Biyu na masana falsafa, ɗaya na Amurka, ɗaya na Faransa, biyu na Haiti, na ƙarshe kuma na abin da ya biyo baya. Da gangan na ba Haiti kaso mafi tsoka. Yaranmu suna jin labarin 1776 da 1789, amma da wuya ka sami wanda ya san cewa bayi, akasarinsu haifaffun Afirka, sun karya rundunar Napoleon sun kafa ƙasa. Duk babin da ya kammala zan karanta shi a zaman karatunmu na yammacin Asabar, wanda yawancin mahalartansa malaman makaranta ne, kafin ya tafi wurin mai gyara.

26 ga Janairu

Babin John Locke ya tsaya da ƙafafunsa. Hujjarsa, wadda aka buga a 1689 bayan Ingila ta kori Sarki James na Biyu, ba ta da wuyar kamawa. An haifi mutane 'ya'ya, ba wanda ya zo duniya da rawanin mulkin wani. Su suka yarda a kafa hukuma don ta tsare musu rai da 'yanci da dukiya. Mulki amana ne, kuma idan mai riƙe da shi ya ci amanar, jama'a na da hurumin karɓe kayansu.

A shafin da na bayyana wannan, a nan na rubuta cewa Locke ya zuba jari a Royal African Company, kamfanin da ke kwasar bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma, kuma da hannunsa a kundin tsarin mulkin Carolina na 1669, wanda ya ba kowane ɗa cikakken iko a kan bayinsa baƙaƙe. Dattijon zamanmu, tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya, bai so haka ba.

"Ɗana, ka bar yara su fahimci hujjar tukuna. Wannan ka kai shi ƙarshen babi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in na raba su, yaro zai ɗauka kuskuren Locke ne shi kaɗai. Alhali wannan giɓi shi zai bi mu har babi na bakwai."

Bai gamsu ba, amma ya ce in ci gaba mu gani.

16 ga Fabrairu

Montesquieu, masanin Faransa, bai ba ni wahala ba. Abin da ɗalibi ke buƙata daga littafinsa na 1748 shi ne raba iko gida uku, masu yin doka da masu zartarwa da alƙalai, don kowane ya taka wa ɗan'uwansa birki. Duk wanda ya yi darasin gwamnati a sakandare ya riga ya san wannan, sunan mai shi ne kawai bai sani ba.

Rousseau ne ya cinye mini makonnin nan. Ɗan Geneva ne, kuma garinsu da kansa ya ƙona littafinsa na yarjejeniyar zamantakewa a shekarar da ya fito, 1762. Ya zarce Locke nesa. A wurinsa iko na jama'a ne baki ɗaya, ba a sayar da shi, ba a ba da aronsa ga wakili. Har ya ce mutanen Ingila ranar zaɓe kawai suke da 'yanci, da an rufe akwati sun koma hannun waɗanda suka zaɓa. Da na karanta wannan a zama, ɗakin ya ɗauki hayaniya, don kowa ya ga abin da ya sani. Amma akwai gefen da ke ba ni tsoro, inda ya ce wanda ya ƙi bin muradin gamayya za a tilasta masa, kuma tilascin nan shi ne 'yancinsa. Wa zai faɗi muradin gamayyar? Robespierre, ɗaya daga cikin jagororin juyin Faransa, ya ɗauka shi ne. Na bar tambayar a buɗe a ƙarshen babin don malami ya yi muhawara da ajinsa.

Wani abu kuma da na sa a gaba: Rousseau ya ce babu wata hujja da za ta halatta bautar da mutum, cewa mai sayar da 'yancinsa ya sayar da mutuntakarsa. Magana ce mai ƙarfi. Sai dai misalansa na Girka da Rum ne, alhali jiragen bayi na biranen Nantes da Bordeaux na Faransa suna kai da kawo a zamaninsa.

23 ga Maris

Azumi ya rage gudun aiki, zaman Asabar ma mun ɗage shi sai bayan Sallah. Babin Amurka na rubuta shi da daddare, a hankali.

Kashin bayansa bashi ne. Yaƙin Shekara Bakwai ya ƙare a 1763 ya bar Birtaniya da bashi mai nauyi, ta ɗora wa mazauna yankunanta 13 haraji, daga harajin hatimi na 1765 zuwa rigimar ganyen shayi a Boston a 1773. Su kuma suka ce ba za su biya harajin majalisar da ba su da wakili a cikinta ba. Ranar 4 ga Yuli, 1776 suka ayyana 'yanci da kalaman da kana ji ka san jikokin Locke ne.

Thomas Jefferson, wanda ya tsara takardar da ta ce an halicci dukkan mutane daidai, ya mallaki bayi sama da 600 a tsawon rayuwarsa. A daftarinsa na farko akwai sakin layi da ke zargin Sarkin Ingila da cinikin bayi, majalisa ta soke shi. Kundin tsarin mulkin 1787 ya ƙirga bawa a matsayin kashi uku cikin biyar na mutum wajen rabon kujeru, ya kuma hana majalisa dakatar da shigo da bayi kafin 1808. Ƙidayar 1790 ta samu bayi kusan 700,000.

Su bayin ba su zauna jiran kowa ba. Da gwamnan Birtaniya a Virginia, Lord Dunmore, ya yi shela a Nuwamba 1775 cewa bawan ɗan tawaye da ya shiga rundunar Sarki ya zama ɗa, sai aka yi ta gudu daga gandaye. Bayan yaƙi an kwashe kimanin 3,000 daga New York zuwa Nova Scotia a Kanada, kuma a 1792 kusan 1,200 daga cikinsu suka tsallaka teku suka kafa Freetown a Saliyo. Wannan sakin layi na fi so a babin duka.

20 ga Afrilu

Faransa. Na taƙaita, domin labarin ya yawaita a wasu littattafai. Taimakon da ta ba Amurka ya ƙara tsiyata baitulmalinta, Sarki Louis na 16 ya kira majalisar rukunoni uku a Mayu 1789, wadda rabonta da zama tun 1614, talakawa suka ƙwace ta, kurkukun Bastille na Paris ya faɗi ranar 14 ga Yuli. Ranar 26 ga Agusta aka amince da sanarwar haƙƙin ɗan'adam mai sashe 17.

Sashe biyu na ɗora kusa da juna. Na farko ya ce ana haihuwar mutane 'ya'ya kuma daidai a haƙƙi. Na 17 ya ce dukiya abu ce mai alfarma da ba a taɓawa. Masu gandayen rake suka riƙe na 17, don a dokar Faransa ta 1685 bawa kaya ne kamar sauran kayan gida. Rikicin shekara goma sha biyar da ya biyo baya yana kwance tsakanin waɗannan sassa biyu.

Wata malama mai koyar da tarihi ta tsayar da ni: "Malam, ina mata a nan?" Na ƙara shafi a kan Olympe de Gouges, wadda ta rubuta sanarwar haƙƙin mata a 1791, ta kuma yi rubutu a kan muguntar bauta, aka fille mata kai a Nuwamba 1793.

25 ga Mayu

Yau na kai inda tun farko nake son zuwa.

Saint-Domingue, yammacin tsibirin da Haiti take a yau, ita ce saniyar tatsar Faransa. A 1789 babu inda ya kai ta fitar da sukari da gahawa a duniya, ga baba da auduga. Bayi kusan 500,000 ne, Turawa ba su wuce 40,000 ba, 'yantattu baƙaƙe da ruwa-biyu kuma kusan 30,000. Aikin rake yana cin rai da sauri har haihuwa ba ta cike gurbin mutuwa, shi ya sa a ƙarshen shekarun 1780 ake sauke sababbin bayi 30,000 ko fiye a kowace shekara. Wajen kashi biyu cikin uku na bayin a Afirka aka haife su. Ina so ɗalibi ya tsaya a kan wannan adadi, domin ma'anarsa ita ce yawancin waɗanda suka yi juyin nan sun san wata rayuwa kafin gandu. Sun san sarauta, sun san shari'a, wasunsu sun san yaƙi.

'Yantattu ne suka fara motsi. Vincent Ogé ya dawo daga Paris ya ɗauki makami a Oktoba 1790 yana neman a ba masu dukiya irinsa ƙuri'a. Bai nemi a 'yanta bayi ba. Duk da haka aka kakkarya masa gaɓoɓi a bainar jama'a a Cap-Français a Fabrairu 1791. Watanni shida bayan haka, daren 22 ga Agusta, bayan taron sirri da wani bawa mai suna Boukman ya jagoranta, filin arewa ya kama da wuta. Cikin 'yan makonni ɗaruruwan gandaye sun zama toka.

Tambayar da babin ya rataya a kanta: da wane tunani suka tashi? Amsar da aka saba bayarwa ita ce labarin Paris ya iso kunnensu sai suka kwaikwaya. Labarin ya iso, gaskiya ne, ta bakin ma'aikatan jirgi da barorin gida da ke tsaye a bayan tebur ana hira. Amma ba shi kaɗai ba ne. Jita-jitar da ta fi zaburar da su ita ce Sarkin Faransa ya ba bayi kwana uku a mako su yi wa kansu aiki, ya hana bulala, iyayengiji suka danne takardar. Wato da sunan sarki mai adalci da aka ci amanarsa suka fara. Babban kaso na bayin arewa daga yankin Kwango aka kawo su, inda yaƙe-yaƙen basasa suka daɗe ana yi a kan wane irin sarki ya halatta da iyakar ikonsa, kuma da yawa fursunonin yaƙi ne da suka iya bindiga da kwanton ɓauna. A 1793 wani shugabansu, Macaya, ya shaida wa wakilan jamhuriya cewa shi talakan sarakuna uku ne: na Faransa, na Sifaniya, da na Kwango.

Saboda haka na yanke shawara. Waɗannan mutane za su shiga littafin a matsayin masu tunanin siyasa, kafaɗa da kafaɗa da Locke da Rousseau, ko da ba su bar littattafai ba. Abin da suka nema yana rubuce a wasiƙun shugabanninsu da kuma abin da suka yi da ƙasa duk lokacin da ta faɗo hannunsu: kowa ya yanki 'yar gonarsa, ya shuka abin da iyalinsa za su ci, ba mai kaɗa masa ƙararrawa da asuba. Wannan ma bayani ne a kan 'yanci, kuma ya fi na masana kusa da ƙasa.

A ƙarshen 1791 shugabannin bayin da suka tashi, Jean-François da Biassou, sun nemi sulhu a kan farashi mai rahusa, 'yanci ga shugabanni kaɗan da sassauci ga saura. Majalisar Turawan tsibirin ta ƙi ko sauraro. Na sa wannan don kada yaro ya ɗauka an san ƙarshen labarin tun daga farkonsa.

29 ga Yuni

Babbar Sallah da makin jarrabawa sun watsa zamanmu, mutum kaɗan suka zo. Na karanta musu rabin babi na shida.

Faransa ba ta 'yanta bayi don karatun Rousseau ya ratsa ta ba. A 1793 tana yaƙi da Birtaniya da Sifaniya, tsibirin na shirin kuɓuce mata, sai wakilinta Sonthonax ya ga ba shi da sojoji sai waɗanda suka riga suka 'yanta kansu. Ya yi shelar soke bauta a arewa ranar 29 ga Agusta, 1793. Aka tura wakilai uku Paris, Bature da ruwa-biyu da baƙi. Baƙin shi ne Jean-Baptiste Belley, haifaffen Senegal da aka sayar yana ƙaramin yaro, ya fanshi kansa da guminsa. Ranar 4 ga Fabrairu, 1794 majalisar Faransa ta soke bauta a duk yankunanta. Sai a ranar sashe na farko na sanarwar 1789 ya rinjayi na 17, kuma waɗanda suka sa ya rinjaya suna can filin arewa da adduna.

Toussaint Louverture, tsohon bawa da ya zama babban janar ɗin masu juyin, ya bar ɓangaren Sifaniya ya koma na Faransa a 1794, ya fitar da Birtaniya a 1798, ya yi kundin tsarin mulki a 1801 wanda sashensa na uku ya ce ba za a ƙara samun bawa a wannan ƙasa ba har abada. Kundin nan dai shi ya naɗa shi gwamna na muddin rai. Ya kuma tilasta wa manoma zama a gandayen da suka yi bauta, da albashin kaso daga amfanin gona, soja na tsaronsu, don yana ganin in babu kuɗin sukari babu bindigar kare 'yanci. Da manoman arewa suka yi bore a 1801, ya sa aka harbe Janar Moïse, wanda yake kira ɗan ɗan'uwansa. Ina ƙaunar Toussaint, kuma ban ɓoye wannan a rubutun ba. Amma manoman ma suna da hujja, na ba su shafinsu.

3 ga Agusta

Zaman jiya ya yi zafi, har magariba ta same mu.

Napoleon ya turo surukinsa Leclerc da babbar runduna a farkon 1802. Aka yaudari Toussaint aka kama shi a Yuni, ya mutu a kurkukun Fort de Joux cikin sanyin duwatsun Faransa ranar 7 ga Afrilu, 1803. Lokacin da manyan janar-janar suka miƙa wuya, ƙananan shugabanni haifaffun Afirka irin su Sans-Souci ne suka ƙi ajiye makami a duwatsu. Da labari ya zo cewa an mayar da bauta a Guadeloupe, wani tsibirin Faransa, sai janar-janar Dessalines da Pétion suka juya wa Faransa baya. Cutar shawara ta kashe Leclerc da dubban sojojinsa. Magajinsa Rochambeau ya nutsar da fursunoni a teku, ya sayo karnuka daga Kyuba don farautar mutane. Aka ci shi a Vertières ranar 18 ga Nuwamba, 1803, kuma ranar 1 ga Janairu, 1804 aka ayyana Haiti a Gonaïves.

Gardamar a kan abin da ya biyo baya ce. Tsakanin Fabrairu da Afrilu 1804 Dessalines ya ba da umarni aka kashe Faransawan da suka rage, mutum dubu uku zuwa biyar, har da mata da yara. Wani matashin malami ya ce in cire, don maƙiya Haiti sun shekara 200 suna fakewa da shi. Baba Hedimasta ya dube shi ya ce, "Yaro, wanda ya hana a ɓoye laifin Locke ba zai ɓoye na Dessalines ba." Abin zai zauna, da abin da Rochambeau ya yi a gabansa, da sunansa na gaskiya: kisan waɗanda ba su ɗauki makami ba. Kusa da shi kuma zan sa kundin 1805, wanda ya karɓi sojojin Poland da suka bar rundunar Faransa a matsayin 'yan ƙasa, ya ce daga yau duk ɗan Haiti, ko wane launi ne, baƙi za a kira shi.

14 ga Satumba

Tun watan Janairu ake tambayata ko zan sa jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, tunda hijira daga Degel zuwa Gudu a Fabrairu 1804 ta zo makonni kaɗan bayan 'yancin Haiti. Haɗuwar shekara ba hujja ba ce. Tunanin Shehu daga wata rijiya ya sha, fiƙihun Malikiyya da rubuce-rubucen malamai irin su al-Maghili, kuma ba zan sa masa rigar Rousseau ba. Ya yi kuka da harajin zalunci da bautar da Musulmi 'ya'ya, amma daular da aka kafa ba ta soke bauta ba, gandaye da rinji ma ƙaruwa suka yi. Haka zan rubuta.

Alaƙar da ke da tushe ta teku ce. Fursunonin yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa sun bi ta Oyo zuwa gaɓa, aka loda su zuwa Bahia a Brazil. A Mayu 1807 hukuma ta bankaɗo shirin tawayen Hausawa a birnin Salvador, kuma Hausawa ne a gaba a boren 1809 da na 1814. Wannan ya isa ya ba su wuri a babi na bakwai, tare da Almami Abdulƙadir Kan na Futa Toro, wanda ya hau mulki a 1776 ya kuma yi ƙoƙarin hana Faransawa sayen Musulmi ta Kogin Senegal.

19 ga Oktoba

Babi na bakwai ya kai rabi. Na gama sashen Simón Bolívar, jagoran yaƙin 'yantar da Amurka ta Kudu daga Sifaniya, wanda ya isa Haiti a ƙarshen 1815 a karye, Shugaba Pétion ya ba shi makamai da injin buga takardu bisa sharaɗin ya 'yanta bayi a duk inda ya ci. Na gama na maƙwabta ma. Masu bayi a Jamaika da jihohin kudancin ƙasar Amurka sun ga gemun ɗan'uwansu ya kama wuta, suka tsaurara tsaro, Kyuba kuwa ta gaji kasuwar sukarin da sababbin bayi. Amurka, wadda asarar Napoleon ta ba ta damar sayen Louisiana a 1803 kan dala miliyan 15, ba ta amince da Haiti a matsayin ƙasa ba sai 1862.

Abin da ke gabana yanzu shi ne 1825, shekarar da Sarki Charles na 10 ya turo jiragen yaƙi ya sa Haiti ta amince da biyan faran miliyan 150 diyya ga tsofaffin iyayengiji, aka rage zuwa miliyan 90 a 1838, kuma kason farko ma da rancen bankunan Faransa aka biya shi. Ina so in nuna wa ɗalibi, da lissafi mai sauƙi, cewa sashe na 17 ne ya dawo da bakin igwa, kuma manomin gahawa ne ya biya.

Mai zane ya kawo taswira biyu, ta Atlantika da ta tsibirin. A ta farko na ce ya ƙara Nantes da Wida, tashar bayi a gaɓar Benin ta yau, da Salvador da Freetown. Babi na ɗaya zuwa na biyar suna hannun mai gyara. Malamar tarihi ta karɓi na biyar za ta gwada shi a ajinta na SS2 a wannan zango, ta kawo mana tambayoyin da yara suka yi a zaman farko na Nuwamba.